Yadda Ake Shirya Wa Sabbin Masu Motocin Gudu Ranar Koyo A Filin Tsere

A ƙasashen da wasan tseren motoci ya yi jijiya, irin su Ingila da Jamus da Amurka, filayen tsere ba sa zama a rufe daga wannan gasa zuwa waccan. Yawancin ranakun shekara haya ake ba da su, kuma cikin manyan masu hayar akwai ƙungiyoyi da kamfanonin da ke tara mutanen gari, kowa da motar da yake hawa, su wuni suna zagaya filin. Direba yakan tuƙo motarsa daga gida da asuba, ya sa hular kwano, ya yi gudun da doka ta hana shi a kan titi, da yamma kuma ya koma gida a cikin motar nan. Ba a ba da kofi, ba a sanar da wanda ya zo na ɗaya. A wurare da yawa ma an hana riƙe agogon auna lokaci.

Abin da ya haifar da wannan sana'a tazara ce tsakanin ƙarfin mota da ƙwarewar mai ita. Iyakar gudu a manyan hanyoyin Birtaniya mil 70 ce a awa, wato kusan kilomita 113, alhali motoci irin su Porsche 911 da Chevrolet Corvette suna wuce kilomita 250 ba tare da wahala ba. Wanda ya saye su jiya lasisinsa na tuƙi iri ɗaya ne da na mai ƙaramar motar cefane. Bai taɓa taka birki iya ƙarfinsa daga babban gudu ba, bai taɓa jin bayan mota ya fara sulɓewa ba, bai kuma san inda riƙon taya yake ƙarewa ba. Idan bai sami wurin da aka tanada ya koya ba, to a kan titin jama'a zai gwada. Aikin mai shirya ranar koyo shi ne ya ɗauki wurin da aka gina musamman don gasa, ya cire gasar daga cikinsa na wuni guda, kuma kusan kowace ƙa'ida ta ranar daga nan ta samo asali.

Zaɓen fili da matsalar ƙara

Ba kowane fili ne ya dace da ɗan koyo ba. Ingila ta yi sa'a ta wannan fuskar, domin filayenta da dama tsofaffin sansanonin jiragen sama ne na Yaƙin Duniya na Biyu: Silverstone, inda aka yi gasar farko ta kofin duniya na Formula 1 a 1950, da Snetterton da Thruxton da Goodwood da Castle Combe da Croft. Filin jirgi shimfiɗaɗɗe ne, mai faɗi, direba yana hango abin da ke gabansa daga nesa. Bedford Autodrome, wanda tsohon direban Formula 1 Jonathan Palmer ya gina shi ma a kan tsohon filin jirgi, an tsara shi ne da sarari mai yawa a gefen kwalta, yadda wanda ya kauce zai fi gamuwa da ciyawa a kan ya gamu da ƙarfe. Akasin haka shi ne Cadwell Park, siririyar hanya mai hawa da gangara a tsakanin itatuwa, inda shinge yake kusa da kwalta. Masu sha'awa suna ƙaunarsa, amma kuskure ɗaya a can ya fi tsada.

Tsawon fili ma abin dubawa ne. Gajeren zagayen Brands Hatch da ke Kent bai kai kilomita biyu ba, don haka ɗan koyo yana haddace kwanoninsa cikin ɗan lokaci, yana kuma maimaita kowace kwana sau da yawa a rana. Illarsa ita ce cunkoso, domin a gajeren fili mai sauri ba ya daɗewa bai tarar da mai jinkiri ba. Kowane fili yana da adadin motocin da aka yarda su kasance a kansa lokaci guda, kuma a nan ne ake gane mai shiri na kirki: kuɗin hayar fili, da na ma'aikatan tuta, da motar asibiti, da motar janwe, duk ba sa raguwa ko da mutum goma ne suka zo, don haka kwaɗayin cika gurbi yana da ƙarfi. Wanda ya cika filin maƙil ya fi samun riba, amma direbobinsa za su wuni suna kallon madubi.

Abin da baƙo bai cika tsammani ba shi ne yadda ƙara ke juya wannan harka. Ƙauyuka sun kewaye yawancin filayen Ingila, kuma maƙwabta suna kai ƙara kotu. A 2009 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta taƙaita ranakun da filin Croft zai iya gudanar da harkoki masu ƙara zuwa 40 a shekara, bayan ƙorafin wasu maƙwabta. Saboda irin wannan ne kowace mota take bi ta wurin gwajin ƙara tun da safe. Ana ajiye na'urar awo rabin mita daga bakin salansa, a karkace, direba ya taka totur zuwa kusan kashi uku cikin huɗu na iyakar juyin injin. Iyakar da aka saba gani tana tsakanin desibel 98 zuwa 105, gwargwadon fili da ranar. Wasu filayen suna da wata na'urar a gefen hanya mai auna mota tana wucewa. Akwai motocin da suke faɗuwa wannan gwaji da salansar da suka fito da ita daga masana'anta, don haka wajibi ne mai shiri ya rubuta iyakar ƙarar a fili tun kafin a biya kuɗi.

Rabon rukuni

Tsari biyu ake bi. A na farko ƙofar shiga fili a buɗe take wuni guda, kowa ya shiga ya fita yadda ya ga dama. Gogaggu sun fi son wannan. A na biyu ana raba mutane rukuni-rukuni bisa ga gogewarsu, kowane rukuni ya sami minti goma sha biyar zuwa ashirin, sannan ya fito ya ba na gaba. Ga ɗan koyo na biyun ne ya dace, domin abin da ke jawo haɗari a irin wannan rana ya fi zama bambancin gudu tsakanin motoci biyu a kan gudun kansa. Mai lallaɓawa a tsakiyar hanya, wanda bai san inda zai bi ba, da gwanin da ya taho a bayansa da ninkin gudunsa, su ne haɗuwar da ake gudu.

A Amurka an mayar da rabon nan tsani. Ƙungiyoyin masu mota, irin su Porsche Club of America da aka kafa a 1955 da BMW Car Club of America da aka kafa a 1969, suna gudanar da abin da suke kira HPDE a taƙaice, ma'ana ilimin tuƙi a babban gudu. Ƙungiyar National Auto Sport Association tana da matakai huɗu. Ɗan mataki na farko ba ya shiga fili sai da malami a kujerar gefe, kuma tsakanin kowane shiga akwai zaman aji. Sai malami ya gamsu sannan a bar shi ya tuƙa shi kaɗai. Ba a la'akari da tsadar mota wajen rabon. Mai sabuwar Ferrari da bai taɓa shiga fili ba rukuninsu ɗaya da mai tsohuwar Mazda MX-5, kuma shawo kan irin wannan attajiri ya yarda da matsayinsa yana cikin ayyukan da ba a rubuta wa mai shiri a takarda ba.

Safiya kafin a kunna inji

Rana tana farawa da layi a gaban tebur. Ana duba lasisi, direba ya sa hannu a takardar da ke cewa ya san haɗarin abin da zai shiga, a ɗaura masa zare mai launi a wuyan hannu. Daga nan sai taron bayani, wanda duk wanda bai halarta ba ba zai shiga fili ba, ko da ya zo sau ashirin a baya. A nan ake bayanin yadda ake shiga da fita, da iyakar gudu a layin gareji, da abin da ake yi idan mota ta mutu a hanya: direba ya kauce iya iyawarsa, ya bi umarnin ma'aikata, kada ya fito ya tsaya a bakin kwalta yana duba abin da ya lalace.

Tutoci su ne harshen fili, tun da ba yadda za a yi wa mai hular kwano magana a cikin ƙarar inji. Rawaya tana nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu, kada a wuce kowa. Ja tana nufin an dakatar da komai. Mai ratsin ja da rawaya tana gargaɗin santsi, ko mai ne ya zube ko tsakuwa ta hau kwalta. Shuɗiya tana gaya wa direba akwai mai sauri a bayansa. Baƙa kira ce zuwa gareji domin a yi magana, mai ɗigon baƙi da fari kuwa ƙarshen zagaye. Abin da ake yi bayan jar tuta ya bambanta: a Ingila akasari ana lallaɓawa a koma gareji, a wasu ƙungiyoyin Amurka kuwa ana tsayawa a gefen hanya inda ma'aikacin tuta zai iya gani. Wannan kaɗai ya isa dalilin da ba a yafe wa kowa taron.

Dokar wucewa ce ginshiƙin ranar. A yawancin filayen Ingila ba a wuce mota sai a miƙaƙƙiyar hanya, ta gefen da aka ambata a taro, wanda akasari hagu ne, kuma sai da yardar na gaba. A Amurka na gaban yakan fito da hannu ta taga ya nuna gefen da za a bi, nuni ɗaya ga mota ɗaya. Ba a wucewa a cikin kwana ko a wurin taka birki. Akwai wani ladabi da ake nanatawa masu manyan injuna: idan ƙaramar mota ta manne a bayanka kwana bayan kwana, to direbanta ya fi ka sauri, ka ɗaga ƙafa daga totur a miƙaƙƙiyar hanya ka bar shi ya tafi. Mai babbar mota yakan tsere a miƙe, a sake kama shi a kwana, a yi ta haka har layin motoci ya taru a bayansa. Ma'aikata suna lura da wannan, kuma baƙar tuta tana jiran wanda ya ƙi ji.

Hana auna lokaci yana da dalili biyu. Inshorar da mai shiri yake aiki da ita ta taron da ba gasa ba ce, kuma agogo yana iya mayar da shi gasa a idon kamfanin inshora. Sannan direban da ke farautar daƙiƙa ɗaya yakan daina kallon madubi, ya ƙi ba da hanya domin kada a ɓata masa zagaye. Wayoyin zamani sun sa dokar ta yi wuyar tsarewa, amma tana nan.

Bayan taro sai zagayen gani. Motar jagora tana gaba, 'yan koyo suna biye a jere cikin sassauci, sau biyu ko uku, domin kowa ya ga inda kwana take da inda ma'aikatan tuta suke tsaye.

Zafi, abokin gabar mota

Motar da ba ta da laifi a titi tana iya gazawa cikin minti goma a fili, kuma birki ne ke fara nunawa. Ƙarfin da birki zai haɗiye yana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau kansa: tsayar da mota daga kilomita 200 a awa yana haifar da zafi ninki huɗu na tsayar da ita daga 100. A titi da wuya ake yin irin wannan taku, a fili kuwa sau da yawa a kowane zagaye. Man birki yana shan danshi daga iska a hankali, kuma danshin yana rage zafin da zai iya jurewa. Sabon mai na ajin DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma ƙa'idar wanda ya sha danshi digiri 155 ce kawai. Idan ya tafasa sai tururi ya shiga bututu, direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa. A gudun kilomita 160 mota tana cin mita 44 a kowace daƙiƙa, don haka lokacin tunani kaɗan ne. Wannan ya sa ƙungiyoyin Amurka da yawa suke neman takardar duba mota, wadda bakanike ko mai motar ya cike, mai nuna lokacin da aka sauya man birki da kaurin abin da ya rage na fallen birki da ke matse faifai.

Taya ma tana zafi, iskar cikinta ta kumbura, riƙonta ya ragu, don haka ake auna iska da zarar an fito a rage abin da ya ƙaru. Ana duba baƙin mai da ruwan lagireto da notocin ƙafa. Ana kwashe duk abin da ke yawo a cikin mota, domin gorar ruwa da ta gangara ƙarƙashin birki ta isa ta jawo bala'i. Ana ɗaura ƙugiyar ja a gaba tun da safe. Zagayen ƙarshe na kowane shiga na hucewa ne, a tafi a hankali ba tare da taka birki sosai ba, iska ta sanyaya ƙarfe. Idan an tsaya a gareji ba a jan birkin hannu, sai a bar mota a giya, domin fallen da ya manne wa faifai mai zafi yana iya barin tabo a kansa.

Game da hular kwano, a Amurka akasari ana neman mai tambarin gidauniyar Snell, wadda aka kafa a 1957 bayan rasuwar direba Pete Snell a wata gasa a 1956, inda hularsa ta kasa kare shi. Gidauniyar tana sabunta ƙa'idarta duk bayan shekara biyar, masu shiri kuma suna ƙin karɓar wadda ta tsufa da yawa. Filaye da dama suna ba da hula haya.

Abin da malami ke koyarwa

Darasin farko na ido ne. Ɗan koyo yakan zuba ido a kan kwaltar da ke gaban hancin motarsa, alhali hannu yana bin ido ne: wanda ya ƙura wa shinge ido, shingen zai nufa. Malami yana ta maimaita masa ya ɗaga kai ya dubi inda yake son zuwa. Sai layin bi. Kowace kwana tana da wurin taka birki, da wurin fara juya sitiyari, da wurin da mota ke matsowa cikin kwanar sosai, da wurin fita, kuma a ranar 'yan koyo akan ajiye robobi masu launi a waɗannan wurare. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne saurin juyawa. Wanda ya shiga kwana da wuri yakan tarar hanya ta ƙare masa a wurin fita, ya firgita ya saki totur gaba ɗaya. Nauyin mota sai ya koma gaba, bayanta ya yi sauƙi ya juyo. Maganinsa a gama taka birki mota tana miƙe, a shiga da sassauci, a ƙara totur a hankali yayin da sitiyari ke warwarewa.

Motocin zamani suna da na'urar daidaita tafiya mai kama birkin ƙafa ɗaya idan mota ta fara sulɓewa. Bosch da Mercedes-Benz ne suka fito da ita a 1995, kuma tun 2014 wajibi ce ga duk sabuwar mota a Tarayyar Turai. Akwai maɓallin kashe ta, kuma ɗan koyo yakan ɗauka kashewar ce alamar gwaninta. Malamai suna hana haka. Fitilarta da ke ƙyaftawa ma darasi ce, domin tana nuna daidai wurin da hannu ko ƙafa ta yi garaje.

Kujerar malami kujera ce mai haɗari, tun da ba shi da birki a gefensa, murya da hannu kawai yake da su. A ƙungiyoyin Amurka yawancin malaman 'yan sa kai ne, ladansu shi ne a ba su lokacin shiga fili. A Birtaniya akasari ƙwararru ne masu lasisi, ana biyan su daban, sau da yawa na minti ashirin. Mai shirin da ya haɗa kuɗin malami cikin kuɗin shiga ya fi wanda ya bar shi zaɓi hikima, domin waɗanda suka fi buƙatar malami su ne ba sa neman sa.

Gajiya tana zuwa ba sallama. Minti ashirin na cikakken maida hankali, cikin hula da zafi, yana cin mutum fiye da yadda yake zato. Masu shiri sun fi sa ido bayan abincin rana da kuma shiga na ƙarshe, lokacin da tsoron safe ya gushe, direba ya fara jin ya iya, alhali hankalinsa da tayoyinsa sun gaji.

Idan aka yi ɓarna

Inshorar mota ta yau da kullum akasari ba ta aiki a filin tsere. Al'adar da aka ginu a kai ita ce kowa ya ɗauki asararsa, ko da wani ne ya buge shi. Akwai kamfanonin da ke sayar da inshorar wuni ɗaya, mai biyan ɓarnar motar mai ita kawai, kuma ya kamata a sanar da ɗan koyo wannan tun a takardar rajista, kada ya ji shi a karo na farko motarsa tana bayan janwe.

Filin da ya fi nuna amfanin duk waɗannan tsare-tsare shi ne wanda ba ya bin su. Tsohon zagayen arewa na Nürburgring, a tsaunukan Eifel na Jamus, an buɗe shi a 1927, tsawonsa kilomita 20.8, da kwanoni sama da saba'in da hawa da gangara na kusan mita 300. A ranakun da ake buɗe shi ga jama'a ana ɗaukar sa kamar hanyar biyan kuɗi mai bi ɗaya, ƙarƙashin dokar titin Jamus. Mutum ya sayi tikiti ya shiga, ba taron bayani, ba rukuni, ba malami, motar iyali da ta gwani duk a hanya ɗaya. Wanda ya bugi shinge shi zai biya gyaransa da kuɗin janwe da na rufe hanya, kuma kamfanonin inshora da yawa na Birtaniya suna ambaton sunan filin a takardunsu cikin wuraren da ba su da hannu a ciki. Sunansa ne ke jan sabbin masu mota, amma ba wanda ke haddace kilomita ashirin na kwanonin da ba a ganin bayansu a wuni guda.

Masu ƙera motocin ma sun shiga harkar. Porsche ta buɗe cibiyar koyar da tuƙi a Silverstone a 2008, mai hanyoyin da ake jiƙawa da ruwa domin direba ya ɗanɗani sulɓi a ƙaramin gudu. Chevrolet tana sassauta wa masu sayen sabuwar Corvette kuɗin kwas na kwana biyu a makarantar Ron Fellows da ke jihar Nevada. A irin waɗannan wurare motar kamfani ake tuƙawa, wanda ya kawar da fargabar inshora. A Amurka kuma ƙungiyar masu motoci ta SCCA ta ɓullo da shirin Track Night in America a 2015, na 'yan awoyi da yamma a ranakun aiki, domin wanda ba zai iya ba da wuni guda da kuɗi mai yawa ba.

Da tutar ƙarshe ta sauka saura aiki ɗaya. Iskar da aka rage wa taya tana da zafi sai an mayar da ita bayan ta huce, a duba abin da ya rage na tayar da na birki ko zai kai mota gida bisa doka. Malami yakan rubuta abin da ya gani a takardar ɗalibi, wadda da ita za a yanke ko zai hau rukuni na gaba a zuwansa na biyu. Sannan a ja kunnen kowa game da hanyar fita: wanda ya wuni yana gudun kilomita 180 yakan ji 100 kamar tafiyar ƙasa, don haka ma'aunin gudu zai duba har ya isa gida, musamman a ƙauyukan da ke bakin ƙofar fili, waɗanda ƙorafinsu ke iya rage ranakun da za a sake buɗe shi.